Darussan da Ɗalibai Ke Rainawa: Yadda Za Ka Ci Moriyar GST a Jami'a

Ranar da ɗan yayata ya zo hutun tsakiyar zango daga jami'a, na ce ya kawo mini takardar rajistar kwasa-kwasansa in gani. Na riƙa bin su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana ba ni labarin kowane malami da irin zafinsa. Da na iso kan GST 111 sai ya ce, "Kawu, wannan ai ba a shiga. Ɗakin cike yake maƙil, wasu a kan taga suke zama, ko muryar malamin ba ka ji. Ana saura kwana biyu jarrabawa za mu nemi tsofaffin tambayoyi mu haddace." Ban yi masa faɗa ba, domin abin da ya faɗa shi na yi a nawa zamanin, kuma na san abin da ya jawo mini. Na dai sa aka kawo mana shayi, muka zauna har dare ya raba. Abin da na gaya masa a daren nan shi nake son in gaya wa duk wanda ya samu gurbin karatu a bana.

Kowace makaranta da sunan da take kiran waɗannan darussa. A yawancin jami'o'i GST ake cewa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya GENS ne, a Jami'ar Bayero ta Kano an daɗe ana kiran su GSP, a kwalejojin kimiyya da fasaha GNS, a kwalejojin ilimi kuwa GSE. Dole ne a kan kowa, da mai karatun likita da mai karatun Hausa, kuma ba a yaye ɗalibi sai ya ci su. Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Mishigan, ita ta fara shigo da su ƙasar nan bisa tsarin Amurka. A can Amurkan ma akwai kwas na musamman don sababbin ɗalibai, wanda ya yi suna tun da Jami'ar Karolina ta Kudu ta buɗe nata a 1972, bayan tarzomar ɗalibai ta 1970 ta nuna wa shugabanta Thomas Jones cewa ana kwaso yara ana zubawa a jami'a ba tare da an koya musu yadda ake zama a cikinta ba. A nan gida, tsohon tsarin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, yana da GST 121 wanda ya haɗa amfani da laburare da dabarun karatu da sanin kwamfuta. A sabon tsarin da hukumar ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, mai suna CCMAS, akwai GST 111 na sadarwa da Turanci, GST 112 na al'ummun Nijeriya da al'adunsu, GST 212 na falsafa da manɗiƙi, GST 312 na zaman lafiya da sasanta rikici, sai ENT 211 da ENT 312 na koyon kafa sana'a.

Mu fara da lissafi, tun da shi ne ya fi saurin shiga kunnen ɗalibi. A yawancin jami'o'inmu A maki 5 ne, B 4, C 3, D 2, kuma ana ninka makin da yawan yunit ɗin kwas. Kwas mai yunit 2, idan ka ci A ka samu 10, idan ka ci D ka samu 4. Ga wanda ya ɗauki yunit 18 a zango, wannan bambanci na maki 6 yana rage masa 0.33 a sakamakon zangon. Ka tuna iyakar digiri mai daraja ta biyu babba 3.50 ce, ta daraja ta ɗaya 4.50. Na san mutanen da suka gama da 3.47 ko 3.48, kuma idan ka bi diddigi za ka tarar a aji ɗaya suka zubar da abin da ya hana su tsallakawa, a kwas ɗin da suka ce ba a shiga. Sakamakon shekarar farko kamar harsashin gini yake, idan ya karkace sai ka shekara uku kana tokare bango.

Amma maki shi ne ƙaramin abin da ke cikin darussan nan. Babban shi ne, su kaɗai ne a duk zamanka na jami'a za su koya maka yadda ake karatun kansa. Malamin kimiyyar sinadarai sinadarai zai koya maka, ba zai tsaya nuna maka yadda za ka rubuta abin da yake faɗa ko yadda za ka riƙe shi har wata uku ba. Saboda haka ga ƙa'idar da na ba ɗan yayata: duk dabarar da aka koya maka a ajin GST, kada mako ya zagayo ba ka gwada ta a kan kwas ɗin da ya fi ba ka wahala ba. Idan ka bar ta a littafin GST don ka amsa tambaya a kanta ranar jarrabawa, ka yi asarar ta ko da ka ci A.

Yadda ake rubutu a aji

Yawancinmu mun fito daga sakandaren da malami ke rubuta komai a allo mu kwafe. A jami'a malami magana yake yi, kuma ba zai jira ka ba. Wanda ya ce sai ya rubuta kowace kalma, kafin ya gama jimla ɗaya an wuce shi da uku. Akwai tsarin da Walter Pauk na Jami'ar Konel ya fito da shi a shekarun 1950, kuma har yau ban ga wanda ya fi shi sauƙi ba. Tun daga ɗaki, ka ɗauki rula ka ja layi daga sama zuwa ƙasa a gefen hagu na kowane shafi, ka bar fili kamar faɗin yatsu uku zuwa huɗu. Ka ja wani layin a kwance a ƙasan shafin, ka bar wajen layi biyar. Babban filin dama shi ne na aji: a nan za ka rubuta manyan batutuwa, ma'anoni, misalai da duk abin da malam ya maimaita ko ya ɗaga murya a kansa, a taƙaice, da gajerun alamominka. Idan abu ya wuce ka, ka bar fili ka sa alamar tambaya, ka ci gaba.

Filin hagu kuwa ba a taɓa shi a aji. A ranar, kafin ka kwanta, sai ka koma ka mayar da abin da ke dama tambayoyi ka rubuta su a hagu. Idan a dama ka rubuta dalilai uku da ke sa farashi ya tashi, a hagu sai ka rubuta: me ke sa farashi ya tashi? A filin ƙasa ka taƙaita shafin da jimla biyu ko uku da kalmominka. Aikin nan minti goma sha biyar ne, ana iya yin sa tsakanin Magariba da Isha. Ribarsa ita ce littafinka ya zama malamin da zai riƙa yi maka tambaya: ka rufe dama da tafin hannu ko da wata takarda, ka karanta tambayar hagu, ka amsa da ka, sannan ka buɗe ka duba.

Abin da mai hadda ya riga ya sani

A nan nake son in daɗe, domin nan ne aka fi yin asara. Yadda na yi karatun zangona na farko shi ne yadda dubban ɗalibai ke yi har gobe. Sai jarrabawa ta matso mu kwashi handawut mu tafi aji da dare, da goro a aljihu, wani ma da bokitin ruwan sanyi da zai tsoma ƙafa don kada barci ya ɗauke shi. Mu yi ta maimaita shafi muna ja masa layi da jan biro har kiran Assalatu. Idan na kalli shafin sai in ji kamar na san komai a cikinsa. Da aka raba takardar jarrabawa, na ga tambayar da na tabbata na karanta amsarta sau biyar, har ina iya tuna gefen shafin da take, amma kalma ɗaya ta ƙi zuwa. Na ɗauko kari-oba a wannan kwas, kuma na yi shekara ina jin nauyinsa.

Abin da ya faru da ni shi ne na gane shafin, ban riƙe abin da ke cikinsa ba. Kuma abin takaici, tun ina ɗan shekara tara na san maganin wannan. Mai hadda a makarantar allo ba ya wanke allonsa don ya kalle shi sau ɗari. Sai ya kife shi ya kawo karatun da ka a gaban malam, inda ya yi tuntuɓe a gyara masa, ya koma ya sake. Bayan an yi masa ƙari kuma ba ya watsar da na baya, kullum yana tishi, yana tilawa, don ya san karatun da aka bari gudu yake yi. Mun shiga jami'a sai muka ajiye wannan hikima a bakin ƙofa, muna zaton ta tsangaya ce kawai.

Masu bincike sun auna abin sun same shi haka. Tun a 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gwada a kansa, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko da ranar farko bayan koyo, daga nan sai ta rage gudu. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, a Jami'ar Washintan da ke birnin Sen Luwis, suka ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta a zama ɗaya kawai sannan aka riƙa karɓe takardar ana sa su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda kuwa, masu maimaitawa sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu kawowa da ka sun tuna kashi 61. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa suka tantance dabarun karatu guda goma, biyu kaɗai suka ba babban matsayi: gwada kai da tambayoyi, da rarraba karatu a kan kwanaki. Ja wa rubutu layi da sake karantawa, waɗanda muka fi dogara da su, suna cikin na ƙasa.

To, ga yadda za ka yi. Idan za ka karanta babi, ka bi matakan da Francis Robinson na Jami'ar Jihar Ohayo ya wallafa a 1946, waɗanda za ka ji an ambata a aji da sunan SQ3R. Ka fara leƙa babin gaba ɗaya, kanun batutuwa da zane-zane da taƙaitawar ƙarshe, kamar mai zagaya gona kafin ya sa fartanya. Ka mayar da kowane kan batu tambaya. Ka karanta sashe ɗaya kana neman amsarta. Sannan ka rufe littafin ka faɗi amsar da bakinka ko ka rubuta ta a wata takarda. Wannan mataki na huɗu shi ne kife allo, kuma shi ne wanda kowa ke tsallakewa saboda yana da ɗaci: a nan kake ganin iyakar abin da ka sani. Na ƙarshe bita. Ni shawarata, ka waiwayi kowane darasi a daren da aka yi shi, ka sake bayan kwana biyu ko uku, ka sake a ƙarshen mako, sannan bayan wata guda. Kowace waiwaya ta fi ta baya gajarta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai bambanci ɗaya da hadda da ya kamata ka kiyaye. A jami'a ba lafazin marubuci ake so ka dawo da shi ba, fahimta ake so. Gwajin da ban taɓa ganin ya yi ƙarya ba shi ne ka rufe littafi ka yi wa abokinka bayanin abin da Hausa, kamar kana yi wa ƙaninka na sakandare. Inda harshenka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba. Idan ya fita sumul da Hausa, sai ka zauna ka rubuta shi da Turanci, tun da da shi za a tambaye ka. Da yawa daga cikin yaranmu da suka fito daga makarantun gwamnati ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, Turancin ne ke tare musu hanya, kuma kunya ta hana su faɗa. Idan kana cikinsu, GST 111 naka ne fiye da kowa. Ka ware shafukan ƙarshe na littafinka don sababbin kalmomi, kowace da jimlar da ka tsince ta a ciki. Ka rubuta sakin layi ɗaya kullum, ka ba wanda ya fi ka ya duba. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa ma suna da amfani ƙwarai, in dai za ka zauna ka amsa su da agogo a gabanka tun tsakiyar zango.

Laburare kuwa, kada ka tsaya a abin da aka faɗa a aji. Ka je da ƙafarka a makon farko, ka yi rajista, ka nemo lambar da littattafan fanninka ke ƙarƙashinta, ka tsaya gaban kantar ka ga abin da ke kai. Ka tambayi ma'aikaci yadda ake shiga mujallun bincike ta intanet da makarantarku ke da izinin amfani da su. Ka koyi yadda ake ambaton marubucin da ka ɗauko maganarsa tun a jingar farko, domin ranar da za ka rubuta kundin kammala digiri babu mai sake koya maka.

Lokaci, barci da abokai

Mako sa'a 168 ne ga kowa. Ka zana jadawalinsa a takarda ɗaya, ka fara cike abin da ba ya motsi: lakca, salla, barci, abinci, hanya. Abin da ya rage za ka ga ya fi yadda kake zato. Mu da rana ta riga ta rabu mana gida biyar, ya fi sauƙi mu rataya karatu a jikin salloli. Sa'a ɗaya bayan Asuba, kafin hostal ya tashi da hayaniya, ka ba kwas mafi wuya. Wayarka ka kashe mata data ka sa ta a jaka, domin in tana kan tebur rabin hankalinka yana kanta. Ke kuma da ke haɗa karatu da aure da goyo, kada ki jira samun sa'a uku a jere, ba za su zo ba. Minti ashirin sau uku a rana, da tambayoyin gefen hagu a hannunki, sun fi kwana guda na dole amfani.

Barci yana cikin karatu, domin a cikinsa ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da ta ɗauka da rana. Duk wanda ya miƙo maka ƙwaya ya ce tana hana barci ko tana buɗe kai, ka guje shi. Na ga yaro mai hazaƙa da ya fara da haka a lokacin jarrabawa, bai kai aji uku ba. Idan damuwa ta yi maka yawa, ko kuɗi sun yanke, ko karatu ya ƙi shiga, akwai malamin da aka ɗora wa kula da ajinku, kuma yawancin makarantu suna da ofishin ba da shawara a ƙarƙashin sashen harkokin ɗalibai. An tarbiyyantar da mu da kawaici a gaban manya, abu ne mai kyau, amma shiga ofishin malami da sallama ka ce, "Malam, ban gane wuri kaza ba," ba rashin kunya ba ne. Matambayi ba ya ɓata. Ka nemi abokan karatu uku ko huɗu, kada su wuce haka, kuma kowa ya zo ya riga ya karanta, a zauna a yi wa juna tambayoyi.

Tun aji ɗaya ake shirin aiki

Da yawa ba kwas ɗin da suka nema aka ba su ba. Wani ya nemi likitanci an ba shi ilimin tsirrai, wata ta nemi lauya an ba ta tarihi. Idan haka ta same ka, ka je ka karanta dokar canjin kwas a littafin ƙa'idojin ɗalibai na makarantarku tun yanzu, domin inda ake yarda da canji, sakamakon shekarar farko ake dubawa. Wanda ya yi fushi ya ƙi karatu ya rufe wa kansa wannan ƙofa da hannunsa.

A darasin zaɓen sana'a za a iya kawo muku rabon da John Holland ya fara gabatarwa a 1959, inda ya kasa sha'awar mutane gida shida: masu son aikin hannu da na'ura, masu son bincike, masu son ƙirƙira da fasaha, masu son taimakon jama'a, masu son jagoranci da ciniki, da masu son tsari da lissafin takardu. Yana taimakawa wajen sanin kai, amma bai kai zama da mai sana'a ba. Kafin ka gama aji biyu, ka nemi mutum uku da ke yin aikin da kake buri, ka roƙi minti ashirin a wurin kowannensu. Ka tambaye shi yadda yininsa ke tafiya, ta wace hanya ya shiga, da abin da ya yi nadamar rashin koya tun yana makaranta. Ka kuma binciki ƙofar da ke gaban digirinka: malami yana buƙatar rajista da TRCN, injiniya da COREN, akanta yana bin jarrabawar ICAN ko ANAN, lauya sai ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi.

Idan fanninku yana zuwa SIWES, shirin koyon aiki da Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ya kafa a 1973, kada ka nemi inda za a sa maka hannu a littafi kana kwance a gida. Watannin nan su ne karon farko da wani mai ɗaukar ma'aikata zai ga hannunka. Haka kwas ɗin ENT: idan an ce a rubuta tsarin kasuwanci, kada ka kwafo na wani daga intanet. Ka ɗauki abin da za ka iya farawa da kuɗin da ke aljihunka, ko kunun aya ne, ko ɗinkin hula, ko gyaran waya, ka je kasuwa ka tambayo farashi na gaske, ka ware uwar kuɗi da riba a littafi. Ko yajin aiki ya zo, kamar na ASUU da ya ci wata takwas a 2022, ka samu abin da za ka koma kansa. Ka buɗe takarda tun yau ka riƙa rubuta duk abin da ka koya ko ka jagoranta, da kwanan wata, domin ita ce za ta zama CV ɗinka ranar da ka gama bautar ƙasa.

Ina roƙon malaman da ke koyar da darussan nan, duk da na san yawan ɗalibai ya fi ƙarfinku, ku riƙa ba da jingar da za ta sa yaro ya gwada dabarar a kan ainihin karatunsa, ko da shafi ɗaya ne na littafin aji da ya ja wa layi zai kawo a gani. Kai kuma sabon ɗalibi, lakcar GST ta gaba ka riga jama'a zuwa da minti ashirin, ka samu wuri a layukan gaba inda ake jin muryar malam, kuma ka zo da littafinka ka riga ka ja masa layi tun daga ɗaki.